Babi na Shida: Tayar da Tsohon Babur a Gida

Darasi na farko: Lamba da takarda

A gidaje da yawa na Damagaram, daga Birni har Zango, akwai tsohon babur jingine a zaure, tayoyinsa sun sace, kaji suna kwana a kan sirdinsa. A wannan babi za mu koyi yadda mutum zai tayar da shi da hannunsa. Misalinmu shi ne Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a Japan a shekarar 1975. An yi shi ne domin ƙasashen da hanya take da ƙura kuma makanike yake da nisa, shi ya sa injinsa ba shi da wuyar sha'ani. Da yawa daga cikin baburan da ƴan kabu-kabu suke hawa yau injinsa aka kwaikwaya.

Kafin ku taɓa ƙarfe, ku ɗauko littafi da biro. Babur yana da lamba biyu. Ɗaya tana wuyansa, ƙasa da abin tuƙi, ɗaya kuma tana jikin inji ta hagu, kusa da inda ƙafa take taka giya. Ku goge wurin da tsumma, ku kwafe lambar harafi bayan harafi, daga hagu zuwa dama. Ku lura da 6 da 9, da kuma 1 da 7, domin a nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa. Sai ku gwada abin da kuka kwafa da abin da yake cikin takardar babur, wato kartigiriz. Idan ba su zo daidai ba, kada ku kashe ko dala a kan babur ɗin sai an daidaita maganar takarda.

Darasi na biyu: Kwancewa

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ana samun su a Kasuwar Dole. Kuna bukatar sifana, wadda makanikanmu suke kira kile, mai lamba 8, 10, 12, 14 da 17. Lambar tana rubuce a bakin kowace sifana, kuma tana nufin faɗin kan noti a milimita. Ku ƙara da turnabis, da kalanzir, da tsumma, da gwangwanayen tumatir wankakku kamar ashirin, da takarda da aka yayyanka ƙanana. Ku shimfiɗa buhu ko tsohuwar tabarma a ƙarƙashin babur, domin notin da ya faɗa cikin rairayin tsakar gida ya tafi ke nan.

Noti yana kwancewa idan aka murɗa shi akasin tafiyar hannun agogo. Idan tsatsa ta kama shi, ku ɗiga masa kalanzir ku bar shi ya kwana, kada ku yi masa ƙarfi. Ku fara da cire wayar batir mai alamar ragewa (–), sannan mai alamar ƙari (+).

Yanzu ga aikin da ya fi kowane muhimmanci a babin nan. Duk abin da kuka ciro, ku saka notinsa a gwangwani ɗaya, ku rubuta sunansa a takarda, ku jefa takardar a cikin gwangwanin. Ciro, saka, rubuta. Idan kun cire sirdi, notinsa ya shiga gwangwani, ku rubuta "sirdi". Sai bayan kun rubuta za ku wuce zuwa tanki. Idan kun cire tanki, ku ɗauki sabon gwangwani, ku rubuta "tanki". Kada notin tanki ya bi na sirdi, ko da kun ga sun yi kama, domin wani ya fi wani tsawo da kaɗan, kuma dogon noti a gajeren rami yana fasa jikin inji.

Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, kada ya ji kunya. Ya rubuta harafin farko kawai, S ko T, ko ya sa lamba 1, 2, 3 bisa jerin yadda ya ciro. Lambar ma tana da wani amfani, domin ranar haɗawa daga ta ƙarshe za a faro a komo ta farko. Rubutun ba sai ya yi kyau ba, muddin mai shi zai iya karanta abinsa bayan sati uku. Mu sake gwadawa tare. Kun cire fitilar gaba. Mene ne na gaba? Gwangwani. Bayan gwangwani fa? Takarda da biro. Madalla. Kun cire salansa. Gwangwani, sannan takarda. Wayoyin lantarki su ma haka, sai dai su ana liƙa musu takardar a jiki kafin a raba su. A baburan Honda koriyar waya ita ce ta ƙasa, wadda take komawa jikin ƙarfe, ku fara rubuta wannan.

Na daɗe ina koyar da darasin nan, kuma kowace shekara sai an sami wanda ya ce shi kansa ya ishe shi. Wani dattijo a ajinmu ya zuba notinsa duka a kwanon sha ɗaya, ya ajiye a gindin darbejiya ya tafi sallar la'asar. Kafin ya dawo akuya ta ture kwanon, jikokinsa kuma sun kwashe zobban ƙarfen suna wasa. Har yau babur ɗin yana zaure a cikin buhu biyu. To, ku manya ne, masu iyali, bai kamata a ce sai na tsaya a kanku kamar yaran makarantar allo ba. Wanda ya zo aji mai zuwa da gwangwani babu takarda a ciki, ba zan duba aikinsa ba. Ciro, saka, rubuta.

Darasi na uku: Mai, iska da wuta

Man da ya shekara a tanki ya lalace, ya zama kamar ƙaro. Ku juye shi a waje, nesa da murhu da mai shan taba, ku ɗauraye tankin. Ku kwance kwanon da yake ƙarƙashin kabireta, wato abin da yake haɗa mai da iska kafin su shiga inji, za ku ga ƙananan ƙarafa biyu na tagulla masu siririn rami, ta nan mai yake bi. Ku wanke su, ku ɗaga su wajen rana, idan haske ya ratsa to sun buɗe. Kada ku zura musu allura, domin ramin zai faɗaɗa, babur ya riƙa shan mai. Su ma gwangwaninsu daban, da takardarsu.

Soson da yake tace iska ku wanke shi da kalanzir, ku matse ba tare da murɗawa ba, ku shanya, sannan ku shafa masa man inji kaɗan. A lokacin hunturu, da ƙurar garin nan, wannan aiki na kowane wata ne. Buji kuma, wanda mutanen Kano suke kira fulogi, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Ku fara ɗaura shi da yatsu kafin ku sa sifana, domin kan injin alminiyam ne, yana saurin cinyewa.

Wajen juye baƙin mai, murfin da yake ƙasan inji ta hagu yana fitowa tare da sifirin da ƴar rariya. Ku rubuta jerin yadda suka fito. Sabon mai bai wuce lita ɗaya ba. Idan za ku auna, babur ya tsaya a miƙe, ku ɗora sandar awon a bakin ramin ba tare da kun murɗa ta ba.

Darasi na huɗu: Sarƙa da birki

Ku wanke sarƙa da kalanzir, ku sa mata mai. Idan kun taɓa ta a tsakiya, ta yi wasa kamar santimita biyu. Takalmin birkin da ya cinye a saya sabo. Tayar da gefenta ya tsattsage ba a hawanta, ko da ba ta suɗe ba.

Darasi na biyar: Fenti da ado

Ku kankare tsatsa da sanfefa, ku fesa fenti siriri sau uku, da safe kafin iska ta taso. Ku rufe lambobin nan biyu, kada fenti ya binne su. Sirdi ku kai wa dukawa su ɗinka masa jar fata, aikinsu ne tun kaka da kakanni. Masu huda salansa domin ƙara, ba da su nake ba.

Darasi na shida: Haɗawa

Ku jera gwangwanayenku, ku fara daga lamba ta ƙarshe. Wayar batir mai alamar ragewa ita ce za ta koma a ƙarshe. Ku buɗe mai, ku taka kik.