Yadda ake haɗa asid ɗin sayalik da enzayim a ɗakin gwaje-gwaje

Asid ɗin sayalik da aka fi sani, wato Neu5Ac, sukari ne mai kabon tara da ke zama a ƙarshen sarƙar sukarin da ta lulluɓe ƙwayoyin jiki. Gunnar Blix ne ya fara ware shi daga majinar yawun shanu a Suwidin a 1936. A kansa ƙwayar cutar mura ke maƙalewa, kuma daga gare shi ake haɗa maganin mura zanamivir. Tatsar sa daga madara ko ƙwai wahala ce mai ƙaramar riba, shi ya sa aka koma ga enzayim, wato furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai.

Enzayim ɗin shi ne aldoles na Neu5Ac, galibi daga bakteriyar E. coli. A jikin bakteriyar aikinsa ya tsinka Neu5Ac gida biyu: ManNAc, wani sukari mai kabon shida a sarƙarsa, da fairubet, wani ƙaramin asid mai kabon uku. Mu kuwa baya muke tura shi. Lisin, amino asid na 165 a jikin enzayim ɗin, yana kama fairubet, sannan a ɗaura shi a kabon farko na ManNAc. Ba ya buƙatar ATP, sinadarin da ke ba ƙwayoyin jiki makamashi, ko wani ƙarfe.

Matsalar ita ce haɗin yana tafiya gaba da baya. Ma'aunin daidaitonsa kusan 29 ne ga kowane mola a digiri 25. In ka zuba ManNAc da fairubet daidai wa daida, milimola 100 kowanne, kashi 56 cikin ɗari kawai za ka samu. In ka ninka fairubet sau biyar, lissafi ya kai ka kashi 90 da ɗoriya.

Ga awon mililita 50. Narkar da giram 1.1 na ManNAc, wato milimol 5, da giram 2.75 na sodiyam fairubet, milimol 25, a tataccen ruwa. Daidaita pH zuwa 7.5 da ɗigon sodiyam haidiroksaid. Kada ka cika bafan fosfet, domin zai ci maka gurbi a kan rezin, wato 'yan ƙwayoyin da ke kama sinadarai masu caji, wajen tacewa. Zuba enzayim, ka bar shi yana motsawa a hankali tsakanin digiri 25 da 30. A digiri 37 ya fi sauri, amma zafi yana karkata daidaiton zuwa tsinkewa, saboda haka saurin nan asara ce. Yawan enzayim lokaci kawai yake ragewa, ba ya ƙara abin da za a samu a ƙarshe. Mai son sake amfani da shi ya ɗaure shi a jakar dayalisis ya jefa cikin ruwan.

Aikin kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. A bi ci gabansa da farantin silika mai rarrabe sinadarai, a gaurayen furofanol kashi bakwai da ruwa kashi uku, ko da NMR, na'urar da ke nuna tsarin sinadari: haidirojin biyun da ke kan kabon na uku suna fitowa wajen 1.8 da 2.2. Idan ruwan ya yi duhu-duhu, bakteriya ta shiga tana cin sukarin, shi ya sa ake tace komai tun farko. Idan pH ya haura sosai, fairubet yana haɗuwa da ɗan'uwansa ya lalace.

Nan ne ainihin aikin yake: raba Neu5Ac da ragowar fairubet. Ƙarfin asid ɗinsu kusan ɗaya ne, 2.6 da 2.5, don haka a kan rezin suna fitowa kafaɗa da kafaɗa. Gara a rage fairubet tun kafin a hau rezin. Amma a fara cire aldoles tukuna, da tacewa ko ɗaga jakar, in ba haka ba da zarar fairubet ya ragu zai koma tsinka abin da ka haɗa. Bayan nan sai a sa dikaboksiles na fairubet daga yis, ya mai da shi asitaldihaid da iskar kabon, su tashi. Wasu na amfani da baisalfait, wanda ke kama fairubet ya sauya yadda yake maƙale wa rezin.

Sai a zuba ruwan a kan rezin Dowex 1 na fomet. Wanke da ruwa, ManNAc ɗin da ya rage ya fita tun da ba shi da caji, a ajiye shi don zagaye na gaba. Fitar da Neu5Ac da fomik asid, ana ƙara ƙarfinsa daga sifili zuwa mola 2. Busar da shi a sanyaye ko a ƙasa da digiri 40, domin asid da zafi suna ɓata shi ya yi ruwan ƙasa. Narkar da shi a ruwa kaɗan, ƙara asitik asid tsantsa ninki biyar, a bar shi a firji ya fito da farin gari. Iyakar abin da lissafi ya yarda da shi giram 1.55 ne.

ManNAc yana da tsada, don haka masana'antu na farawa da GlcNAc, sukari ɗan'uwan ManNAc, da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Ana juya shi zuwa ManNAc da alkali a pH sama da 11, ko da enzayim efimeres a tukunya ɗaya da aldoles. Ko ta wace hanya, kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ke zama ManNAc, sai aldoles ya riƙa janye shi. Efimeres na ƙodar alade yana son ɗan ATP, kuma yawan fairubet yana danne shi, saboda haka a nan ba a zuba fairubet gaba ɗaya, kashi-kashi ake ƙarawa. Da wannan dabara masu bincike a Japan suka ba da rahoto a 1998 cewa kilo 27 na GlcNAc ya ba su kilo 29 na Neu5Ac, wato kashi 77 cikin ɗari na GlcNAc ɗin ya zama Neu5Ac, wanda ya fi shi nauyi.