Kurakuran da sababbin likitoci suka fi yi a gaban majiyyaci, da gyaransu

Duk shekara ɗaliban likitanci kan saurari laccoci a kan zaman likita da majiyyaci, su rubuta, su ci jarrabawa. Sai an zaunar da su a ɗakin duba marasa lafiya, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, layi har bakin ƙofa, sannan ake gane wanda karatun ya zauna masa.

Babban kuskuren shi ne katse magana. Binciken da Beckman da Frankel suka wallafa a Amurka a 1984 ya nuna likitoci kan tari numfashin majiyyaci bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayani. A wurinmu ɓarnar ta fi yawa, domin dattijon da ya taso daga Gwadabawa ko Illela ba ya farawa da abin da ya kawo shi. Zai gaisa, ya ambaci ciwon kai, ya kewaya, sai can ƙarshe ya ce fitsari na yi masa wuya. Ka bar shi ya kai aya, sannan ka ce, "Baba, akwai saura?" Sau da yawa sauran nan shi ne cutar.

Kada kuma ka rubuta ya samu sauƙi don kawai ya ce "da sauƙi". Tarbiyya ce, ko a gadon mutuwa haka zai amsa. Tambaye shi ko yana cin abinci, ko yana barci, ko ya iya zuwa masallaci da ƙafarsa.

Sai kunya, kuma nan ne aka fi tafka asara. Matar da uwar mijinta ta rako ba za ta buɗe baki ta ce tana zubar da jini ko tana yoyon fitsari ba. Sabon likita sai ya juya ga mai rakiya, ita ke tambaya ita ke amsa, mai ciwon na sunkuye. Gyaran ba wuya: "Inna, ɗan ba mu wuri zan duba ta," ka bar ma'aikaciyar jinya mace a ɗakin. Shawara da maigida abu ne mai kyau, amma jikin nata ne, ita ya kamata ta fara jin bayani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta ba majiyyaci haƙƙin sanin halin da yake ciki, ta kuma wajabta rufa masa asiri. Haka nan idan Fillanci ko Zabarmanci take ji, nemi babba ya yi tafinta, kada a sa ɗanta.

Faɗa a kan maganin gargajiya ba ya hana kowa sha, ɓoyewa kawai yake koya wa mutane. Kai kuwa kana bukatar sani, tunda wani jiƙon na taɓa ƙoda da hanta. Ka tambaya cikin sakin fuska: "Me aka gwada a gida kafin a zo?"

Wajen ba da magani, "sau uku a rana" ba bayani ba ne. Ɗaura shi a kan salla: bayan asuba, bayan azahar, bayan isha'i. Mai hawan jini a gaya masa ƙarara cewa ba a ajiye maganin don an ji daɗin jiki. Mai ciwon suga a zauna da shi tun kafin azumi ya kama a tsara yadda zai yi. Ka kuma tambayi ko kuɗin maganin zai samu, don da yawa kan sayi rabi su yi shiru, alhali akwai mai araha da ke aiki iri ɗaya. Kafin ya tashi, ce masa, "Malam, maimaita mini yadda za ka sha."