Yadda za ka kula da gwiwar hannunka bayan tiyatar gyaran jijiya

Aikina gashin ƙashi ne a nan Jos, kuma yawancin masu buƙatar wannan tiyata faɗuwa suka yi suka dafa ƙasa da tafi, gwiwar hannu ta goce. An mayar da ita, amma jijiyar da ke riƙe ƙasusuwan ta gefen waje ta riga ta tsinke. Shi ya sa da zarar mutum ya dafa kujera zai tashi, sai ya ji gwiwar ta yi ƙas kamar za ta fita.

Idan gashi bai wadatar ba, sai tiyata. Likitan ƙashi zai ɗebo wata jijiya daga hannun ko bayan cinya, ya huda ƙashi, ya zura ta ya ɗaure. Irin wannan aikin a gefen ciki, Dakta Frank Jobe ne ya fara yi wa ɗan wasa Tommy John a Amurka a 1974.

Sabuwar jijiyar sai ta yi makonni kafin ta kama ƙashi, a nan ne kuma nake roƙonka haƙuri. Mako ɗaya zuwa biyu hannun na cikin ɗauri, a lanƙwashe. Ɗora shi kan matashi ya fi ƙirjinka tsayi, ka riƙa motsa yatsu don kumburi ya saɓe. Daga nan akan sa maɗauri mai lanƙwasa, wajen mako 6.

In gefen waje aka gyara maka, tafinka ya riƙa kallon ƙasa. Kada ka miƙe hannun tafi na kallon sama. Kada ka ɗaga gwiwar nesa da haƙarƙari don zuba ruwa daga buta, bar wa ɗayan hannun. Abin da ya fi damuna shi ne tasowa daga sujada, domin mutum yakan dafa ƙasa bai ankara ba. Yi sallarka a zaune har likita ya ba ka izini. Bokitin ruwa da riƙe ƙarfen Keke Napep su ma a dakata.

Amma kada tsoro ya sa ka ajiye hannun gaba ɗaya, gwiwar hannu na da saurin sandarewa, balle da sanyin Jos. Idan ɗinki ya warke, ɗora tsumma mai ɗumi kafin atisaye, ka lanƙwasa ka miƙe da kanka, a hankali, iya inda aka yarje maka. Don Allah kada ka kai wa mai ɗori ya ja ko ya murza, zai iya kwance aikin.

Zazzaɓi, mugunya, ko ƙaramin yatsa da na kusa da shi su mutu, koma asibiti ranar. Mai shan taba ya daina, tana jinkirta warkewa. Ɗaukar buhu a kasuwar Farin Gada kuwa sai bayan wata 4 zuwa 6, shi ma da amincewar likitan da ya yi aikin.