Wuƙar da za ka shiga ruwan teku da ita a kwale-kwale

Abu na farko dai, wuƙar maƙera ɗin nan ta baƙin ƙarfe mai kuben fata, bar ta a gida. Tana da kaifi ba musu, amma yini ɗaya a ruwan gishiri za ka ga ta yi ja da tsatsa, kuben kuma ya sha gishiri ya riƙe, ko ka goge wuƙar kana mayarwa yana ci gaba da cinta.

Kuma kar mai shago ya ruɗe ka da cewa ai sitenles ce ba ta tsatsa. Tana yi mana. Kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35 a ciki, shi ke fasa 'yar kariyar da ke jikin ƙarfen ya bar ɗigo-ɗigon ramuka. In aljihu da nauyi nemi mai ƙarfen H1 ko LC200N irin jerin wuƙaƙen Salt na kamfanin Spyderco, waɗannan kusan ba ruwansu da tsatsa, ko ta ƙarfen titaniyam sai dai ita kaifinta baya daɗewa. In babu, sitenles mai arha ma ta yi, wanki ne kawai zai ƙaru maka.

Abin da ya fi ƙarfen muhimmanci a wurina shine ka iya zaro ta da hannu ɗaya. Ka ɗauka kwale-kwale ya kife, igiya ko tarun masunta ya naɗe maka ƙafa, ɗaya hannun yana riƙe da filafili, yaushe za ka tsaya neman bakin wuƙar ninkewa da farce? Shi yasa na fi son wadda ba a ninkewa, gajera, kuben roba mai kamawa ƙas, ka ɗaure ta a ƙirjin rigar ceto. Bakinta ya zama mara tsini don kar ka soki cinyarka ko ka huda kwale-kwalen iska, rabin kaifin kuma mai haƙoran zarto, shi ke cin igiyar nailan da ta jiƙe. Ƙota rawaya ko ruwan goro, baƙa in ta faɗi a ruwa sai dai haƙuri. Kar ka sa mata doguwar igiya, ita ma tana iya naɗe ka.

Ita kuwa mai haɗe-haɗen nan ta filaya da sukudireba da almakashi, kayan gyara ce, zamanta cikin jakar da ruwa baya shiga. Tawa na bar ta a aljihun wando bayan mun dawo daga bakin tekun Tarkwa Bay a Legas, kwana uku na zo buɗewa gaɓoɓin sun ƙame ƙam, da kyar filayar ta motsa. Yawan gaɓoɓi yawan maɓoyar gishiri, saboda haka zaɓi mai kaya kaɗan.

Kana fitowa tudu ka buɗe komai, ɗauraye da ruwan daɗi, ko fiyo wata biyu sun isa, har cikin kuben, ka shanya su daban-daban su bushe sarai sannan ka ɗiga man keken ɗinki a gaɓoɓin. In kana yanka kifi ko albasa da ita to man girki za ka shafa a kaifin.