Kafin ka doshi Rotary ko Lions, duba yadda aka rubuta sunanka

Cikin wata uku, sababbin zuwa huɗu suka yi mini tambaya ɗaya kamar sun haɗa baki: "Yaya, wai idan mutum ya shiga Rotary ko Lions aiki ba ya yi masa wuya?" Na ƙarshensu har ya buga takardar tarihin karatunsa kwafi goma zai je ya rarraba a taron farko. Na ce ƙanena, ajiye su. Ni ma na yi wannan wautar a shekarata ta farko a Ingila. Wani dattijo ya karɓi tawa, ya ninke ta biyu ya sa a aljihu ko dubawa bai yi ba, sannan ya tambaye ni ko ina da sarari ranar Asabar a ɗauki kujeru. Har yau idan na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ƙungiyoyin nan na hidimar jama'a ne, kuma sun girmi kakanninmu. Wani lauya, Paul Harris, shi ya kafa Rotary a Shikago a 1905, sunan ma daga zagayen da suke yi ne, yau taro a ofishin wannan, taro na gaba a na wancan. Lions ta biyo baya a 1917 a birnin dai, kuma tun da Helen Keller, wata marubuciya makauniya kuma kurma, ta roƙe su a 1925 da su tsaya wa makafi suka rungumi harkar ido, shi ya sa suke tara tsofaffin tabarau. Kiwanis ta 1915 ce, ta fi karkata ga yara. Masu raɗa cewa Rotary ƙungiyar asiri ce, ina roƙonsu su je taro ɗaya su gani. Abin da za su tarar bai wuce mutane zaune suna gardama kan wa zai tsaya a ƙofa ranar tara taimako ba. Kuma duk wanda aka ɗiga wa maganin shan inna yana yaro, akwai hannunsu a ciki, don tun 1985 suka sa cutar a gaba. Ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya, Jonathan Majiyagbe, daga reshen Kano ya fito, ya riƙe muƙamin daga 2003 zuwa 2004.

Samun reshe ba wani abu ba ne. Ka duba intanet, ka aika saƙo, za a gayyace ka a matsayin baƙo. Je sau biyu ko uku kafin ka ce komai. Tambayi kuɗin memba tun farko, kada girman kai ya hana ka, domin ana biya duk shekara, kuma wasu rassan ba sa buƙatar ka zama memba kafin ka taimaka. Matasa su nemi Rotaract, ɓangaren Rotary na matasa, daga shekara 18 ake shiga. 'Yan'uwa mata ma ƙofa a buɗe take, Lions tun 1987, Rotary tun 1989. Idan wurin taron ana shan barasa, faɗi sau ɗaya cewa ba ka sha, ban taɓa ganin wanda ya maimaita tayin ba.

Inda ƙafa ke zamewa shi ne takardu, kuma a nan zan daɗe.

Na farko, bizarka. Hukuma a nan ta raba abu biyu da mu a bakinmu duk aikin sa-kai ne. Akwai taimakon da za ka je don ganin dama, babu yarjejeniya, babu wanda zai tuhume ka idan ba ka zo ba, ba a ba ka komai sai kuɗin motar da ka kashe. Akwai kuma wanda aka ɗora maka sa'o'i da nauyi kamar ma'aikaci, albashi kawai ne babu. Wannan na biyun aiki ne a idon doka. Ɗalibin jami'a da aka yarje wa sa'a 20 a mako lokacin karatu, irin wannan yana shiga cikin lissafin ashirin ɗin. Wanda ya shigo da bizar ziyara, kwana 30 kawai aka ba shi na taimakon ganin dama, shi ma sai a ƙungiyar agaji mai rajista. Mai neman mafaka yana iya taimakon sa-kai ko da ba a ba shi izinin aiki ba. Don haka kafin ka ce "to" ga kowane nauyi, fito da sharuɗɗan bizarka ka karanta, ka nuna wa mai kula da 'yan sa-kai. Idan wani mai kirki ya miƙo maka ɗan ihsani don ka gaji, yi godiya ka mayar. Karɓi abin da ka kashe kawai, da rasit.

Na biyu, binciken hali. Duk aikin da zai haɗa ka da yara ko tsofaffi ko marasa lafiya, sai an duba ko kana da tarihin laifi. A Ingila da Wales hukumar DBS ke yi, Sikotland na da tata. Ɗan sa-kai ba ya biyan kuɗin irin wannan binciken. Fom ɗin gajere ne, amma yana tambayar abu biyu da ke kayar da mutanenmu: duk sunan da ka taɓa amsawa a takarda, da duk adireshin da ka zauna cikin shekara biyar, babu giɓi ko na wata ɗaya.

Ni a fasfo Muhammad nake. A banki an rubuta Mohammed, don haka na cike da hannuna ban ɗauke shi komai ba. A takardar makaranta Muhammadu ne, kuma a can sunan garinmu ne a ƙarshe, a fasfo sunan mahaifina. A wurina mutum ɗaya ne, kowa ya san ni. Matar da ke duba takardu a reshenmu ta jera su a tebur ta dube ni ta ce a gabanta dai mutum uku take gani. Ta yi gaskiya. Sai da na koma banki aka gyara, na jira sabuwar takardar asusu mai ɗauke da sunan daidai, don wadda ta wuce wata uku ba a karɓa.

Adireshi kuwa ya fi ba ni wuya, kuma laifina ne. Wata bakwai na farko a wani ɗaki na zauna da wani ya ba ni haya a cikin hayarsa, kuɗi a hannu, babu yarjejeniya, ya kuma gargaɗe ni kada wasiƙa ta zo da sunana. Da na zo cike fom sai tsoro ya kama ni, na tsallake wata bakwan nan. Aka dawo mini da shi. Maimakon in tambaya, sai na ɗauka dole mutumin ya rubuto shaida. Na yi ta kiransa mako biyar, yau ya ce gobe, gobe ya kashe waya, daga baya ya daina ɗauka. Ranar da na gaji na faɗa wa matar gaskiya, sai ta yi murmushi ta ce adireshin da nake ciki yanzu kaɗai ake neman shaidarsa, na baya rubutawa kawai ake yi da wata da shekara. Mako biyar na ɓata kan abin da tambaya ɗaya za ta warware. Ga shi binciken nan bai kai ƙasashen waje, sai ƙungiyar ta nemi takardar shaidar hali daga 'yan sandan gida, aka shiga aike da jira. Kafin komai ya kammala wata huɗu sun wuce, shirin koya wa yara karatu da na yi rajista dominsa ya fara ya yi nisa ba ni.

To kai da ka sauka jiya, buɗe littafi yau ka rubuta adireshin da ka kwana da ranar da ka shiga. Duk inda ka koma ka ƙara. Zaɓi rubutun sunanka da ke fasfo ka manne masa ko'ina, harafi da harafi. Idan har yanzu kana gida, taho da takardar 'yan sanda. In takardar bincikenka ta fito, kana da kwana 30 ka shiga tsarin DBS na sabunta takardar ta intanet, kyauta ne ga 'yan sa-kai, zai iya raba ka da sake cike fom a wata ƙungiyar.

Horo kuma, duk wanda aka yi maka tayi karɓi. Agajin gaggawa yini ɗaya ne, za ka fito ka san danna ƙirji sau 30 da hura numfashi biyu. Na kare yara da masu rauni ya fi muhimmanci, domin abin da kake yi da zuciya ɗaya zai iya jawo maka magana: keɓewa da yaro, rage masa hanya a motarka, ɗaukar hotonsa ka sa a Facebook. Na ga bawan Allah mutumin kirki da aka dakatar saboda hoto ɗaya. Wanda bakinsa ke rawa a gaban jama'a ya nemi Toastmasters, ƙungiyar koyon jawabi, tun 1924 suke wannan sana'ar. Jawabinka na farko minti huɗu zuwa shida ne, a kan kanka, ga mai kunna fitila kore da rawaya da ja yana auna lokaci, ga wani can yana ƙirga sau nawa ka yi "am" da "eh". Ranar farko ban so jin adadin nawa ba.

Sanin mutane da kuke ɗoki yana zuwa, amma a hankali, kuma ta bayan gida yake shigowa. Kusan duk aikin da za ka nema a nan sai an ce kawo mutum biyu da za su yi maka shaida, kai kuwa duk wanda ya san ka yana wata nahiya. Wanda ya gan ka Asabar bayan Asabar ka zo kan lokaci, ka ƙirga kuɗin taimako bai yi giɓi ba, shi zai rubuta. Kan lokaci na ce. Taron ƙarfe bakwai ƙarfe bakwai ake buɗe shi, kuma wanda ya yi alkawari bai zo ba, bai kuma aiko da uzuri ba, babu mai yi masa faɗa, sai dai a daina kiransa. Dattijon nan mai kujeru shi ya yi mini shaida bayan wata goma sha huɗu, ban ma roƙe shi ba, ji ya yi ina neman aiki.

Wani abin da ke ci mini rai: babu wanda zai koya mana taimakon juna. Idan ɗayanmu ya rasu a nan, kafin gari ya waye an haɗa abin da ake buƙata. Amma ba mu rubutawa. Babu bayanin taro, babu ma'aji biyu masu sa hannu, babu rahoton shekara, sai rigima ta tashi a rasa abin nunawa. A reshen can na koyi waɗannan, na kawo su ƙungiyarmu ta 'yan gida, aka yi ta ce mini Bature kafin a saba.

Yaron mai kwafi goma ya zo Asabar ɗin da ta wuce, mun ɗauki kujeru tare. Da muka gama na ce ya fito da fasfonsa da katin banki. A ɗaya Abubakar, a ɗaya Abubakr. Litinin zai je banki.