Darasi na 7: Tafiya Kafin Gudu

Mai gudu yakan tsaya. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, ko ya yi targaɗe a filin ƙwallo, ko azumi ya zo ya ajiye takalmi sai bayan salla. Ranar da ya koma filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina, zagaye ɗaya sai haki. Haka jiki yake. Idan aka yi kamar mako biyu ba motsi, numfashi yakan fara raguwa.

Ga inda samari suke cutar da kansu. Zuciya da huhu suna saurin farfaɗowa. Amma agara, da jijiyoyin gwiwa, da ƙashin ƙwauri suna da nawa, musamman jijiyoyi, don jini ba ya kai musu da yawa. Sai mutum ya ji ƙirjinsa ya buɗe, ya ce ai ya warke, ya zuba da gudu. Kwana uku, ga shi yana ɗingishi. Kamar ginin laka ne: sama ta bushe, ciki da sauran danshi.

A wajen gudu akwai lokacin da ƙafa biyu duk suna sama. Idan ɗaya ta dira, nauyin da take ɗauka yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Mai kilo 60 ke nan ƙafarsa tana karɓar kilo 120 zuwa 180 a kowane taku. A wajen tafiya kuwa, kullum ƙafa ɗaya tana ƙasa, abin da take ɗauka bai wuce nauyin jiki da yawa ba. Jini yana gudana, nama yana aiki, gwiwa ba ta shan duka.

Fara da minti 15 zuwa 20 a rana, a kan hanya shimfiɗaɗɗiya. Ba tafiyar cin kasuwa ake nufi ba, a tsaya nan a gaisa, a tsaya can a yi ciniki. Ka ɗaga ƙafa, ka kaɗa hannu. Gwajinsa mai sauƙi ne: in kana iya magana da abokin tafiyarka amma ba ka iya rera waƙa, saurin ya yi daidai. Ka riƙa ƙarawa har ka kai minti 30, kwana biyar a mako. Jimla minti 150 ke nan, wato mafi ƙarancin matsakaicin motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu a mako.

In ka kai nan ba ciwo, ba kumburi, sai ka fara cuɗawa: gudu minti ɗaya, tafiya minti huɗu, ka maimaita. Mako na gaba gudun ya ƙaru, tafiyar ta ragu. Washegari da safe ne ƙafa take faɗin gaskiya. In ka tashi ka ji dunduniya ko agara ta riƙe, koma tafiya zalla.

Lokaci mafi kyau a Katsina shi ne bayan sallar asuba, musamman da bazara, kafin rana ta buɗe. Da hunturu kuwa ƙura ce matsala, mai asma ya yi hattara. Ka bi gefen da za ka fuskanci motoci da 'yan acaɓa, kada su zo maka ta baya. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko kumburin da ya ƙi saɓewa, wannan na asibiti ne, ba na dauriya ba.

Aikin gida: Da ka farka, sa yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasa da babban yatsa. Ƙirga bugun zuciyar da ka ji na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Na yawancin manya yana tsakanin 60 da 100 a minti. Rubuta lambar da kwanan wata a littafinka kowace Asabar, ka kawo aji mu gwada ta makon farko da ta makon huɗu.