Yadda Ake Bin Sawun Jiragen Ƙasa Masu Tururi na Layin Zariya zuwa Bukuru

Wanda yake son sanin tarihin jiragen da suka riƙa jigilar kuza daga Filato ya kamata ya fara da tantance layin da yake bincike a kansa, domin kada ya cakuɗa shi da layin Baro zuwa Kano wanda ya isa Kano a 1911. Layin Zariya zuwa Bukuru ƙarami ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, ya isa Bukuru a 1914, aka kuma rufe shi a 1957, alhali faɗin babban layin na Baro zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6 ne.

Bayan haka sai ya ziyarci gidan tarihi na Jos, inda aka adana wasu daga cikin kawunan jiragen. A nan ne aikin yake buƙatar natsuwa. Ya duba jikin kan jirgin ko zai sami farantin ƙarfe mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera shi da lamba da shekara, ya ƙirga ƙafafunsa, yana bambanta manyan da sandar ƙarfe ta haɗa da ƙananan, sannan ya lura da inda ake zuba ruwa da kwal. A ganina lambar farantin ta fi fentin jiki abin dogaro, saboda fenti ana sabunta shi.

Da waɗannan bayanai ne zai nufi ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ya nemi rahotannin shekara-shekara na hukumar jiragen ƙasa domin ya gwada su da abin da ya gani.